Bahaguwa da Gasar Mai Sabulu

Akwai wata mai zane da kowa ke kira Bahaguwa, saboda tun tana ƙarama da hannun hagu take riƙe alƙalami. An yi faɗan, an yi lallashin, ta ƙi sauyawa, har aka gaji aka sallama mata.

Ba ta da shagon kanta. Yayanta ne ke da shagon buga takardu, shi ya ware mata wani lungu a bayan injin kwafi, inda tebur ɗaya da kujera ɗaya kawai ke shiga. Nan ta kafa tsohuwar kwamfutarta, wadda sai an tokare ta da littafi biyu kafin fankarta ta daina kuka.

A wannan lungun take zana katin biki, da allon shago, da bajen makaranta, da tambarin ƙananan sana'o'i. Mijinta malamin makaranta ne, suna da yara biyu, kuma abin da take samu shi ke riƙe gidan daga tsakiyar wata zuwa ƙarshensa. Yayan yakan tsokane ta ya ce, hannun da aka hana cin abinci shi ne yau yake ciyar da gida.

Wata rana sanarwa ta karaɗe wayoyin mutane. Wani mai kamfani da aka fi sani da Mai Sabulu zai fito da sabon sabulun wanka, yana neman tambari. Ya buɗe gasa a intanet, kowa ya turo zanensa. Wanda ya ci zai samu kyauta mai tsoka, a kuma ba shi kwangilar duk zanen kamfanin har shekara biyu.

Da ta nuna wa yayanta, sai ya taɓe baki. Ya ce shi bai taɓa jin inda mutum ya tara teloli ɗari uku ba, kowa ya ɗinka masa riga da yadinsa da zarensa, ya zaɓi ɗaya ya sa, sauran ya ce Allah ya yi musu albarka.

Bahaguwa ta ce ita kwangilar take hange. In ta same ta, za ta kama shagon kanta, ta sayi sabuwar kwamfuta, ta bar masa lungunsa ta huta da gorin da yake mata. Ta gangara ƙasan sanarwar, ta ga dogayen sharuɗɗa da ƙananan haruffa, ta danna wurin amincewa ba tare da ta karanta ba.

Ba ta yi wa aikin riƙon sakainar kashi ba. Ta zaga kantuna tana duba kantar sabulai, ta ga kusan duk kore ne ko ruwan hoda, sai ta zaɓi shuɗi mai duhu da farin layi ɗaya a tsakiya, yadda ido zai faɗa kansa tun daga bakin ƙofa. Ta sayi sabulu ta auna, ta yanka takarda tana naɗewa tana warwarewa. Haruffan sunan kuwa da hannu ta zana su, ɗaya bayan ɗaya, sai da ta cika rabin littafi kafin ta samu waɗanda suka kwanta mata. A tsakiya ta sa tafin hannu biyu sun tallafo kumfa.

Mutum ɗari uku da arba'in suka shiga. Bayan mako biyu manajan kamfanin ya kira ta ya ce tana cikin goman ƙarshe. Ranar har da ɗan tsallenta, yayan yana dariya.

Daga nan aikin ya soma na gaske. Manaja ya haɗa su goman a zaure ɗaya na waya. Yau ya ce a ɗora tambarin a kan takardar naɗi. Gobe ya ce a kan katan. Jibi ya ce a kan motar rarraba kaya da allon kan titi. Sannan ya ce kowa ya turo asalin fayil ɗinsa, wanda ake iya buɗewa a gyara, wai don alƙalan gasa su tabbatar ba kwafa aka yi ba. Sau uku ana dawo musu da gyara.

Cikin wannan tsakanin ne makarantar da ta shekara huɗu tana yi wa aiki ta aiko a zana mata littafin yaye ɗalibai. Bahaguwa ta ba su haƙuri ta ce su jira mako guda. Ba su jira ba. Suka kai wa wani, kuma daga ranar ba su sake dawowa ba.

Cikin goman akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Fenti. Shi da buroshi yake rubuta allunan shaguna, bai san kan kwamfuta ba. Da hannu ya zana nasa, wani jerin kumfa da ya zagaye gefen katan kamar ado a bakin riga, yakan kawo shagon yayan Bahaguwa a ɗauki hotonsa a tura masa. A nan suka saba da Bahaguwa. Ya ce mata tun da injinan buga allo suka shigo aikinsu ya mutu, shi burinsa kawai ya ga zanen hannunsa a jikin mota yana yawo kafin ya bar duniya.

Bayan mako bakwai sai ga saƙo layi biyu. Bayan dogon nazari, babu zanen da ya kai matsayin da kamfani ke so, an soke gasar, an gode wa kowa. Kafin wani ya buɗe baki an rufe zauren.

Bahaguwa ta haɗiye abin, ta ce wata rana sai labari. Ta koma kan katunan bikinta.

Wata biyu da yin haka, da hantsi, wata mota ta tsaya a kantin da ke tsallaken titi tana sauke kaya. Yayan ne ya fara gani. Ya kira ta a hankali ya ce ta zo ta duba wani abu.

Shuɗinta ne. Farin layinta ne. Haruffan da ta cika rabin littafi tana nema su ne a jikin motar, ko ɗigo ba a sauya ba. A gefen katan-katan ɗin da ake saukewa ga kumfar Baba Mai Fenti. Abu ɗaya kawai aka cire, tafin hannunta biyu. A wurinsu an sa wata barewa tana tsallake igiyar ruwa.

Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa tana kallon motar. Sannan ta ɗauki jakarta da littafin zanenta ta nufi kamfanin.

Awa biyu aka bar ta a barandar ofis kafin a shigar da ita. Ɗakin sanyi ƙalau, ga tebur na gilashi, ga kujeru huɗu babu kowa a kai, amma ba wanda ya ce mata zauna. A bango an kafa babban hoton sabon sabulun, ya fi tsayin mutum. Mai Sabulu yana kishingiɗe yana latsa waya, Manaja yana tsaye a gefensa da fayil.

Ta gaishe shi cikin ladabi, ta buɗe littafinta, ta nuna masa yadda haruffan suka faro tun daga fensir. Ko kallon littafin bai yi ba. Ya ce wa Manaja ya karanta mata sharaɗi na tara. Manaja ya karanta: duk zanen da aka turo ya zama mallakar kamfani, ko ya ci ko bai ci ba.

"Wa ya danna miki?" in ji Mai Sabulu. "Ni na kama hannunki?"

Ta ce ba ta zo rigima ba, hakkin guminta kawai take nema, nata da na sauran.

Sai ya ajiye wayar, ya gyara zama, kamar mai koyar da darasi. Ya ce da ya ɗauki mai zane ɗaya, tunanin kai ɗaya zai saya da tsada. Yanzu ya samu na kai ɗari uku da arba'in a banza, ɗan ƙanwarsa ya tsinci masu kyau ya haɗa cikin yini ɗaya. Ya ce wannan shi ake kira kasuwanci, ita ma ta koya.

"Kuma zane ai baiwa ce," ya ƙara. "Allah ya ba ki kyauta, ke kuma ki zo ki sayar mini? Ki gode ma aikinki yana yawo a gari."

Manaja ya yi dariyar da ake yi don a faranta wa maigida. Ya tuna masa cewa wannan ɗan gwaji ne kawai aka buga, wata mai zuwa za a ba da odar takardun naɗi na shekara guda da ƙarfen da zai riƙa buga tambarin a jikin sabulun kansa.

Ita kuwa Bahaguwa idonta na kan hoton bango, don kada su ga ƙwallar da ta taru mata. A nan ta ƙura wa barewar ido sosai. Ta san wannan barewar. Shekaru tana nazarin tambarin manyan kamfanoni don koyon aiki, kuma wannan ta wani babban kamfanin man shafawa ce na ƙasar waje. Wanda ya turo ta cikin gasar juya ta kawai ya yi daga dama zuwa hagu, ya ɗan rage mata ƙaho.

Bakinta ya riga zuciyarta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan barewar..."

"Taki ce?" ya katse ta.

"A'a."

"To ina ruwanki da ita?"

Ta kalle shi, ta kalli kujerun nan huɗu. Ta rufe littafinta a hankali.

"Babu," ta ce. "Ta yi kyau."

Ya sa a ba ta dozin ɗin sabulu na kuɗin mota. Ta bar shi a kan teburin sakatariya ta fita.

Da ta koma shago ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba yayanta tsoro ke nan. Ta zauna ta binciko tambarin kamfanin wajen, ta juya shi, ta ɗora a kan hoton da ta ɗauka a jikin motar. Suka hau kan juna daram, in ban da ɗan ƙahon da aka rage. Ta ƙara bincike ta gano kamfanin ya yi rajistar tambarinsa a ƙasar, yana da wakili, yana da lauyoyi. Ta rubuta musu wasiƙa gajeriya, ta haɗa hotunan, ta ajiye ba ta tura ba.

Yayan ya leƙo ta bayanta ya karanta. Ya ce abu biyu ne, ko ta koma ta gargaɗi mutumin ta fita hakkinsa, ko ta tura yanzu a huta.

Ta ce, "Yaya, bai nuna ba tukuna. In na tsinke shi ɗanye, katan ɗari biyu zai ƙona ya karkaɗe rigarsa."

Mahaifiyarsu ma da labari ya kai mata ta kira ta. Ta ce ta bar wa Allah, riƙo ba ya kai mutum ko'ina. Bahaguwa ta durƙusa ta ce, "Umma, na bar masa. Amma shi ya ba ni idon da na gani da shi, kuma ban ce zan yi wa kowa ƙarya ba."

Ta shiga jira.

Jiran nan ba daɗi gare shi ba. Kullum da safe in za ta kai yara makaranta sai ta wuce ta ƙarƙashin wani ƙaton allo, haruffanta na kallonta daga sama. Ƙaramar 'yarta takan nuna ta ce ga rubutun Mama. Takan ja hannunta su wuce.

Baba Mai Fenti ya zo shagon wata rana da katan ɗin da ya tsinta a bola. Ya shimfiɗa shi a kan injin kwafi, yana bin kumfarsa da ɗan yatsa. Ya yi wata dariya marar daɗi ya ce to, ga shi Allah ya cika masa burinsa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Bahaguwa ta ce masa, "Baba, ka ajiye takardunka na farko, kada ka yar da ko ɗaya." Bai tambaye ta dalili ba.

Labarin cikin kamfanin kuwa har gida yake iske ta. Maƙwabciyarta, wadda suke shanya a igiya ɗaya, mijinta direba ne a can. Ita ke ba ta labari cikin murna, ba ta san me take yi ba. Yau ta ce ƙarfen buga sabulu ya iso. Wani makon ta ce an yi wa motoci tara sabon fenti. Can kuma ta ce maigidan ya ci bashin banki, an cika sito har rufi, masu kwasa ma ba su da wurin taka ƙafa.

Wata huɗu cur. Ranar da aka yi bikin ƙaddamar da sabulun, da 'yan jarida da manyan baƙi, Bahaguwa ta kalli hotunan a waya. Ga Mai Sabulu ya ɗaga sabulun sama da hannu biyu, barewa na sheƙi. Ta ƙara wannan hoton a cikin wasiƙar, ta yi bismillah, ta tura.

Mako uku shiru. Har ta soma zaton wasiƙar ta faɗa rijiya. Ta rage cin abinci, mijinta na tambaya tana cewa ciwon kai ne.

A mako na huɗu maƙwabciyar ta shigo ko sallama babu. Ta ce an zo da takardar kotu an garƙame sito, an hana motoci fita, ana bi kanti-kanti ana kwashe sabulun daga kan kanta.

Cikin kwana goma gari ya ɗauka. Aka sauke allunan kan titi. Kuma abin ya wuce a sauya takardar naɗi, domin barewar tana jikin kowane sabulu, ƙarfe ya buga ta. Sai dai a narkar da su duka a sake. Mai Sabulu ya sa a nemo wanda ya turo barewar, aka tarar sunan ƙarya ne, lambar wayar ma ba ta shiga. Lauyansa ya so ya ɗora laifin a kan wancan, sai lauyoyin kamfanin wajen suka karanta musu sharaɗi na tara. Suka ce ai da hannunsa ya rubuta cewa duk zanen da aka turo nasa ne, to nasa ne.

Ranar da labarin ya iso shago, yayan ya ce ya rantse ya ji tana waƙa ƙasa-ƙasa a lungunta.

Amma wutar ba ta tsaya inda ta auna ba. Kamfani ya sallami ma'aikata, har da mijin maƙwabciyarta. Ta ga matar da ke ba ta labari cikin murna ta koma zama a bakin ƙofa da tagumi. Wannan ya tsaya mata a rai. Ta riƙa aika musu da abinci, kuma da mijin ya samu motar haya ya soma jigilar kaya, ita ta zana masa allo da katin talla, ta ƙi karɓar ko sisi. Ba ta taɓa gaya musu komai ba.

Yayan ya ce mata, "Kin ga har katangarki ta sha hayaƙi."

Ta ce ta gani, kuma yana damunta. Amma ba ita ta tara itacen ba, kuma da za a mayar da ita baya, sai ta sake turawa.

Kotu ta ba Mai Sabulu wata guda ya sauya tambari. Za ka zaci ya yi hankali. Ina. Sai ga sanarwar sabuwar gasa, kyautar ma ya ninka ta.

Nan Bahaguwa ta fito fili. Ta rubuta a shafinta abin da aka yi wa su goman, ta jera hoton littafinta da na motar, ta jera zanen Baba Mai Fenti da na katan. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma ambaci wasiƙa ba. Masu zane suka yi ta yaɗawa. Ba a san wanda ya fara ba, amma da ranar rufe gasar ta zo, Manaja ya buɗe ya tarar da saƙo sama da ɗari biyu, kowanne farar takarda ce fes, babu ko ɗigo. Ɗaya ne kawai ya rubuta a ƙasan tasa: "Ka biya, ka ga sauran."

Lokaci na ƙurewa, banki na matsawa. Lauyan Mai Sabulu ya ce masa wannan karon ba za a karɓi tambarin da ba a san ubansa ba. Sai an kawo mai zanen da zai sa hannu, ya nuna takardunsa na farko tun daga fensir. Har shuɗin da haruffan ma sai an samu sa hannun mai su, in ba haka ba wata rigimar na tafe. Manyan kamfanonin zane suka ce wata uku suke bukata, kuɗin da suka yanka kuwa sai da ya dafe kai.

Saura kwana tara, da la'asar, mota ta tsaya a ƙofar shagon. Mai Sabulu ya fito shi kaɗai, ya rame, rigar ta yi masa yawa.

Yayan ya tare shi da fara'a kamar bai san shi ba, ya tambaye shi kwafi nawa za a yi. Ya ce wurin mai zane ya zo. Yayan ya nuna masa lungun. Sai da ya karkata ya matse cikinsa kafin ya wuce injin kwafin.

Bahaguwa tana kan aikin wata mata mai shagon wanki da guga. Ta amsa gaisuwarsa, ta ce ya yi haƙuri ta gama da wadda ta riga shi. Ya tsaya a tsakanin injin da bango, zafin injin na dukan bayansa, har matar ta zaɓi launin da take so ta tafi.

Sannan ya soma magana. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, ɗan Adam ajizi ne. Ya ce ya san ita ce ta fi kowa a gasar, tun farko ma ya faɗa wa Manaja. Yana so ta mayar da tafin hannun nan biyu, ta sa hannu a takardar lauya, zai biya duk abin da ta ce. Ya ce wani maƙiyi ne ya kai ƙararsa, kuma in ya gano shi sai ya gwammace kiɗa da karatu.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba," ta ce. "Ni ce."

Ya kalle ta kamar bai ji ba.

"Ni na rubuta musu. Tun ranar da na zo ofishinka na gane barewar. Na jira ka cika sito, na jira ka yi wa motoci fenti, na jira ka ɗaga shi a gaban 'yan jarida."

Ya dafa injin. Da ƙyar ya ce, "Da kin faɗa mini a ranar, da duk wannan bai faru ba."

"Na fara faɗa," ta ce. "Kai ka katse ni."

Ta ga fushin ya taso masa har wuya, ta kuma ga ya haɗiye shi, domin ba shi da wata ƙofar. Wannan haɗiyar ita ce abin da ta fi wata shida tana jira, kuma ba ta kawar da idonta ba.

Ta jawo takarda ta rubuta sunaye goma, kowanne da aikin da ya yi cikin mako bakwai ɗin nan da abin da ake biya a kan irinsa. Ta ce ya biya kowa har gida, a yaga sharaɗi na tara, sannan za ta sa hannu a kan shuɗinta da haruffanta, tunda sun riga sun fita duniya. Amma tafin hannun nan biyu ba na sayarwa ba ne, kuma sabon layi ko ɗaya ba za ta ja masa ba har abada. In yana son tambari, ga Baba Mai Fenti, ya je ya gaishe shi da kyau, ya kuma ajiye kafin alƙalami kafin dattijon ya taɓa buroshi.

Ya miƙa hannu zai karɓi takardar. Ta ce wannan tata ce, sai dai a yi masa kwafi.

Yayan ya karɓa, ya ɗora a inji, ya danna. Takarda ta fito da ɗuminta. Mai Sabulu ya miƙo hannu, yayan ya janye ta, ya buɗe masa tafin ɗaya hannun. Mutumin da ke da motoci tara ya tsaya yana laluben aljihu yana neman canjin kwafin shafi ɗaya, mutum biyu da ke jiran layi suna kallonsa.

Cikin kwana uku ya biya su goman. Baba Mai Fenti ya zana masa tambari da buroshinsa, ya sa hannu da cikakken sunansa. Kamfanin bai mutu ba, amma tara da bashi sun cinye motoci bakwai, kuma har yau bai koma yadda yake ba. Bahaguwa ba ta yi kuɗi dare ɗaya ba, makarantar nan ma ba ta dawo ba. Sai dai duk wanda ya shigo ya ce ta zana masa uku ya gani in ya yi masa sai ya biya, takan yi murmushi ta nuna masa hanyar da ya shigo.

Darasi: Zane aiki ne, tunani aiki ne, kuma baiwar da Allah ya ba mutum ba ta zama kayan tsintuwa ba. Wanda ya tara mutane ɗari su yi masa aiki don ya biya ɗaya, ko ya ƙi biyan kowa, ya sani araha ba ta ado, kuma abin da aka samu a banza ba a san me ke cikinsa ba sai ya fashe. Ku kuma masu sana'ar hannu, ku karanta kafin ku danna, kada ku sayar da guminku da alkawari. Ku tura wannan ga duk mai zane, da tela, da marubucin da kuka sani, ku kuma tura wa duk maigidan da ya saba cewa "yi mu gani tukuna."